Jegon da Inna Sabuwa Ta Je Yi a Villeurbanne

Ni dai ba zan zauna ina ji ana yaga sunan Inna Sabuwa a bakin matan da ta wanke da hannunta ba. Sunana Rékia, 'yar Maraɗi ce ni, a Bobigny nake zaune, nan gefen Paris, kuma haihuwata biyu duk ita ta yi mini jego. Abin da zan faɗa na san shi, ba a waya na tsince shi ba.

'Yar Damagaram ce, daga unguwar Birni. Wani ma'aikacin ofishin jakadanci ne ya zo da ita Paris tun tana da sauran ƙarfinta, tana yi wa matarsa girki da renon yara. Da wa'adinsu ya cika suka tattara suka koma Yamai, ita ta ƙi binsu. Mijinta ya riga ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, gidan da ta baro kuwa dangin miji sun raba shi tun tuni. Ta koma wurin wa? Ta yi ta raɓe-raɓe a ɗakunan mutane har takardunta suka fito, aka ba ta wani ɗan ɗaki a benenmu, sama da nawa. Faransancinta bai wuce bonjour da merci da pardon ba. Layukan metro ma, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da launi ta san su, amma ban taɓa jin ta ɓata ba.

Ban san wadda ta fara kiranta jego ba, na dai zo ƙasar nan na tarar sunanta ya zagaya. A nan mace za ta haihu a asibiti, a sallame ta bayan 'yan kwanaki, ta dawo ɗaki ba uwa ba gwaggo, miji ya tafi aiki, ta zauna ita da jinjiri suna kallon juna suna kuka. Sai a ce a kira Inna. Za ta iso da jakarta mai ƙamshin kanwa da busasshen ganyen dogon yaro, ta ajiye mayafi, ta ɗaura zani a ƙirji, shi ke nan gida ya zama nata. Zafin ruwan famfo ba ya isarta, sai ta ƙara da na tukunya. Ta zaunar da ke a bahon wanka, ta riƙa tsoma ganye tana fyaɗa miki a baya da ciki, kina ihu tana cewa, "Yi ta yi, ɗiyata, sanyin ne ke fita." Ta dama kunun kanwa, ta ɗaure miki ciki, ta gasa wa jinjiri cibi, ta tsaya a kanki sai kin shanye farfesu tas. Ranar da ta haɗa kayanta bayan arba'in ɗina na farko, wallahi kuka na yi, ko da na san bene ɗaya ne tsakaninmu.

Wannan aikin shi ne duk abin da take da shi a duniya. In wayarta ta yi ƙara aka ce wance ta sauka, sai ki ga tsohuwa ta miƙe tsaf kamar ba ita ce ke kukan gwiwa jiya ba. In kuwa aka daɗe ba a haihu ba, sai ta zauna bakin taga tana tambayata labarin masu ciki, wa ya kusa, wa ke da saura. Ta sha gaya mini cewa muddin ana kiranta, ita ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan.

Abokin gabarta ɗaya ne, sanyi. A wurinta duk ciwon da ya kama mace, ko da ta tsufa ne ya taso, daga jego aka samo shi, an bar iska ta shige ta. Gidajen Faransa kuwa kun san su, kowane ɗaki da 'yan ramukansa na shan iska, wani a saman taga, wani a ƙasan ƙofa, wani a bangon madafa. Inna ta tsane su. "Mutanen nan da hankalinsu," in ji ta, "su gina gida mai kyau, sannan su bi shi su huhhuda?" Abu na farko da take yi in ta shiga gidan mai jego shi ne ta ciro tsummokaran atamfa ta bi ramukan nan ta toshe. Ta toshe nawa. Ta toshe na Hajiya Zouera, shugabar ƙungiyarmu ta mata, wadda yau ta fi kowa baki a kan maganar. Duk muna gani, duk muna sa albarka. Kuma ba abin da ya taɓa samun kowa, don a benayenmu ba wuta ake kunnawa a ɗaki ba, ruwan zafi ne ke bin bututu daga ƙasa yana ɗumama gida. Iyakarta bango ya ɗan yi baƙi a lungu, ki sa tsumma ki goge.

Ana cikin tsakiyar sanyi aka kira ta daga Lyon. Wani yaro ne mai suna Nouhou, yana karatun digiri na uku na injiniya a babbar jami'ar nan ta Villeurbanne, a gefen Lyon ɗin. Matarsa Huraira ba ta daɗe da zuwa daga gida ba, haihuwar fari ce, an samu namiji aka sa masa Safwan. Uwarta ta nemi biza ta zo jego aka hana ta. Sai wata ta ba Nouhou lambar Inna.

Zo ki ga murna! Ta sauko ɗakina ba ko sallama, tana cewa, "Rékia, kin ji? Har Liyon an san da ni." Ni na raka ta tashar jirgin ƙasa ta Gare de Lyon, na ɗaukar mata jaka, muciyarta ta leƙo ta sama don ta ƙi shiga. Na zaunar da ita a kujerarta, na roƙi wata Baturiya da ke gefenta ta taɓa ta in an iso. Tana ɗaga mini hannu ta gilashi har jirgin ya ja.

Gidan da Nouhou ke haya tsohon gini ne, ciki da falo. A bangon falon akwai shofaji na gaz, wato abin ɗumama ɗaki, irin na da, wanda ake danna maɓalli a kunna, kana ganin wutarsa ta wani ɗan gilashi, hayaƙinsa kuma yana bin bututu ya fita ta saman gida. Inna na shiga ta gan shi, ranta ya yi fari. Tun da ta zo ƙasar nan ba ta taɓa samun wuta ta gaskiya a ɗakin mai jego ba. A gida ai wuta ake hurawa kusa da gadon mai jego, ta kwanta ɗumi na ratsa ta. Nan take ta sa Nouhou ya jawo katifa daga ciki, aka shimfiɗa ta a gindin shofajin, ta kwantar da Huraira. Sannan ta ciro tsummokaranta ta bi ramuka.

Nouhou ba jahili ba ne, ya san abin da yake gani. Ya ce mata a hankali, kansa a ƙasa, "Inna, don Allah a bar waɗannan a buɗe. Wutar nan iska take ci, in ba ta samu ba tana fitar da abu marar kyau."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗana, kai ƙarfe kake karanta, ni mata na karanta. Tun yaushe namiji ya fara sa baki a jego?"

Huraira daga kwance ta yi masa ido, wai ya yi haƙuri kada ya kunyata su. Ya fita waje ya kira mahaifiyarsa a gida, yana tsammanin za ta goya masa baya. Ita ma ta wanke shi tas. Ta ce baiwar Allah ta baro garinta a cikin sanyin nan don ta rufa masa asiri, shi ne zai tsaya yana koya mata aiki? To me zai yi? Sai ya koma dabara. In ya dawo daga jami'a da yamma ya zare tsummokaran a ɓoye, ya ɗan buɗe tagar madafa, ya kashe shofajin wai zai huta. Da safe yana sa ƙafa waje, Inna ta mayar da komai yadda yake. Ba wanda ya sake ce wa wani uffan. Haka suka yi ta yi, shi yana cirewa tana mayarwa, suna gaisawa lafiya lau.

Kullum sai ta kira ni, kuma kullum ƙarar shofajin take kawowa. Wai abin nan taurin kai gare shi, yana cikin ci sai ya mutu da kansa, sai ta sake durƙusawa ta kunna. Na ce mata, "Inna, abin gaz ba a wasa da shi, ki sa Nouhou ya kira mai gyara." Nouhou kuwa ya kira mai gidan da suke haya. Mai gidan ya ce an ji, za a turo wani sati mai zuwa. Daga baya aka gano bututun hayaƙin ma ya kusa toshewa da datti, ba a share shi ba tun ba a san yaushe ba. Amma wa ke ambaton mai gida yau? Ba kowa. Shi yana can yana shan iskarsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk alamun da ya kamata su tsorata mutum, su ne suka kwantar wa Inna da hankali. Wutar da ta tarar shuɗiya ta koma rawaya tana lilo, sai ta ce madalla, yanzu ta zama wuta irin ta itace, waccan shuɗiyar ba ta da ƙarfi. Gilashin taga ya riƙa zufa har ruwa na gangarowa, ta ce ɗaki ya kama ɗumi. Bangon da ke saman shofajin ya fara baƙi, ta ce ina aka taɓa ganin murhu ba baƙi. Huraira ta ce kanta na sarawa, zuciyarta na tashi, Inna ta ce sanyin asibiti ne ya hau mata kai, ta ɗaure mata shi da ɗankwali, ta ƙara matsar da katifar kusa. Ita kanta tana jin jiri, ta ɗora wa gajiyar hanya da tsufa. Da yamma in Nouhou ya buɗe taga sai duk su ji sauƙi, Inna ta ce kunun kanwa ne ya fara aiki.

Ranar da abin ya faru, ranar awon jinjiri ce. Inna ta ce atafau mai jego ba ta taka waje kafin arba'in, ballantana a wannan ɗari. Sai Nouhou ya naɗe Safwan cikin bargo ya tafi da shi shi kaɗai bayan azahar. Abin da ya tsirar da yaron ke nan.

Suna fita Inna ta yi wa Huraira wanka, ta fito da ita jiki na tururi, ta kwantar. Shofaji ya mutu. Ta kunna, ya mutu. Ta sake kunnawa, ya sake mutuwa. Ga yarinya da ɗanyen jiki, ga ɗaki zai huce. Ta riga ta lura cewa muddin yatsanta na kan maɓallin, wutar ba ta mutuwa, sai ta saki. Sai ta ɗauko muciyarta, ta tokare maɓallin da kai ɗaya, ɗaya kan ta tokare da ƙafar kujera, ta danne kujerar da jakarta. Wuta ta zauna daram. Ta gaya mini daga baya cewa har daɗi ta ji, ta ce a ranta yau ta yi maganin mai taurin kai. Ba ta san mutuwar da yake yi da kansa ita ce kariyar da aka yi masa ba, in iska ta ɓaci ya yanke gaz. Ta ja bargo ta rufe Huraira har wuya, ta ce ta yi barci.

An daɗe a wurin awon. Da Nouhou ya dawo wajen la'asar sakaliya, ƙofa ta ƙi buɗuwa sosai, wani abu ya tare ta. Inna ce a yashe a bayan ƙofar, da bokiti a gefenta, ta taso za ta zubar da ruwa ƙafafunta suka ƙi. Ya miƙa wa maƙwabciya jinjirin, ya kutsa ya bubbuɗe tagogi, ya kashe gaz, ya jawo su waje ɗaya bayan ɗaya. Huraira tana kwance yadda aka kwantar da ita, fuskarta lumui kamar mai barcin gaske, yana jijjiga ta ba ta motsi. Pompiye, 'yan kwana-kwana, suka zo da na'urarsu ta gano guba a iska, tun daga matakala ta fara ƙara. Suka fitar da mutanen ginin gaba ɗaya.

Ni washegari da safe na iso, jirgin farko na hau. An sa su duka biyun a wani ɗaki mai kama da tanki ana ba su iska mai ƙarfi. Inna ta farfaɗo tun a ranar, don ita tana kai-komo tsakanin falo da madafa, kuma a bakin ƙofa ta faɗi. Huraira kuwa kanta na gindin wutar. Sai da aka yi kwanaki kafin ta buɗe ido.

Ni na yi wa Inna tafinta lokacin da likita ya zo yi mata bayani. Ya ce wutar gaz in ba ta samu isasshiyar iska ba, tana fitar da wata guba da ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Mutum sai dai ya ji ciwon kai da kasala, ya kwanta, ya wuce. Ya ce ramukan nan don haka aka yi su. Ina juya mata da Hausa tana kallon bakina. Da na gama ta ce, "Rékia, tambaye shi. Abin da ba ya wari, ba ya hayaƙi, ta yaya zan san shi?" Na tambaye shi. Ya fara lissafa mata alamu, launin wuta, zufar taga, baƙin bango, ciwon kan da ke sauƙi in an fita waje. Kowace ya ambata sai ta ce, "Na gani." Ba ta yi kuka ba. Na fi son a ce ta yi.

'Yan sanda sun yi tambayoyinsu. Nouhou ya ce musu ba wanda ya nufi sharri, tsohuwar taimako ta zo yi. Ya zo har bakin gadonta ya ce, "Inna, ƙaddara ce, kada ki sa wa ranki komai." Bai iya kallon fuskarta ba. Da ya fita ta ce mini da ma zaginta ya yi.

Da farko an ce Huraira ta warke, har muka yi hamdala. Bayan 'yan makonni abin ya fito. Ta ɗora tukunya ta manta. Ta tambayi abu, a ba ta amsa, can ta sake tambaya. Ta san mijinta, ta san ɗanta, ta san duk abin da ya wuce a gida tun tana yarinya, amma haihuwar da kwanakin da suka biyo baya sun goge ƙaf, sabon abu kuma ba ya zama a kanta. Likitoci suka ce wataƙila ya dawo, wataƙila ba zai dawo ba. Nouhou ya ajiye karatun da ya kawo shi ƙasar, ya nemi aikin da zai bar shi kusa da gida.

Kafin mu dawo Bobigny labari ya riga mu. Hajiya Zouera ta saki murya a zauren matanmu na waya, wai ita da ma tun tuni hankalinta bai kwanta da waɗannan al'adun na ƙauye ba, wai ya kamata mu waye. Ke! Ke da kika yi jego uku a hannunta, kina kiranta uwata? Na mayar mata da amsa a gaban kowa, na ce ta je ta duba ramin madafarta, na rantse tsumman Inna na nan har yanzu. Aka ce na cika zafi, aka ce in ba da haƙuri. Ban bayar ba, kuma ba zan bayar ba.

Amma faɗana bai sa waya ta yi ƙara ba. Aka haihu a Drancy, nan kusa da mu, ba a kira ta ba. Aka haihu a benen da ke kallon namu, ba a kira ta ba. Yaran yanzu suka koma kallon yadda ake wankan jego a waya, wasu suka bar shi gaba ɗaya. Ba wanda ya zage ta ido da ido, a'a, mu ai ba ma haka. Ana gaishe ta har da rusunawa, ana aiko mata da abincin suna. Wata rana na matsa mata muka je wani suna tare. Aka zagayo da jinjiri hannu zuwa hannu, da aka zo kusa da ita ta goge tafukanta a zani ta miƙa. Uwar ta yi wuf ta karɓe ɗanta ta ce, "Yana jin barci, Inna, bari in kwantar da shi." Inna ta mayar da hannuwanta kan cinya, ta ce Allah ya raya. Tun daga ranar ba ta sake zuwa suna ba.

Wani abin tausayin, duk abin da likitan nan ya faɗa ta haddace shi, ta fi ni riƙe shi. Ta bi ɗakinta ta zare tsummokaran da ta toshe nata ramukan, ta zubar. In ta haɗu da mace mai ciki a bakin bene sai ta tare ta. "Ɗiyata, gidanku da wutar gaz? In kin ga ta yi rawaya, kashe ta ki buɗe taga. In ta mutu da kanta kada ki tilasta mata, ki kira mai gyara. Kada ki toshe ramin nan ko sanyi zai kashe ki. Ku sayi abin nan mai ƙara ku maƙala a bango." Gaskiya take faɗa tsantsa, amma wa zai ji ta daga bakinta? Sai su ce to Inna, merci Inna, su ƙara sauri. Na taɓa jin wata na ce wa ƙawarta tsohuwar ta fara taɓuwa.

Ta rame. Gwiwar da take wasa da ita da, yanzu ta kama ta da gaske. In na hau kai mata abinci sai in tarar da na jiya a rufe. Ta daina tambayata labarin masu ciki, ni ma na daina faɗa.

Da sanyi ya sake zagayowa, ta sauko ɗakina wata safiya, a hankali, tana bin bango. Ta ce, "Rékia, ki kai ni Liyon. Mijin ya ce ƙaddara, amma ba shi na kwantar a gindin wuta ba. Ina son in durƙusa gaban yarinyar nan ta yafe mini da bakinta. In ta yafe, wataƙila in samu barci." Na kira Nouhou. Bayan gaisuwa na faɗa masa. Ya ce, "Tanti, ku zo. Amma ba yadda take zato ba ne."

Sun tashi daga tsohon gidan, suna wani sabon gini kusa da layin tiram, jirgin nan na cikin gari, komai na lantarki. Nouhou ya tare mu a ƙasa, ya tsufa a shekara ɗaya. Kafin mu hau ya tsayar da mu ya ce akwai abin da ya kamata mu sani. Ya ce ya gaya wa Huraira abin da ya faru, ba sau ɗaya ba. Duk lokacin da ya gaya mata sai ta yi kuka kamar yau ta fara ji, ta wuni a birkice, gobe ta tashi ba ta san an yi ba. Sai ya daina. Yanzu abin da yake ce mata kawai shi ne ta yi rashin lafiya bayan haihuwa, wata tsohuwa daga Paris ta zo ta yi mata hidima. Ya dubi Inna ya ce, "Don Allah, Inna." Ta gane abin da yake roƙo.

Huraira ta buɗe ƙofa da fara'arta, ta yi kyau, ta yi ƙiba, Safwan na riƙe da zaninta yana koyon tafiya. Nouhou ya ce mata ga Inna Sabuwa da ta yi mata jego. Sai ta rungume ta. "Ayya, Inna! Sannu da zuwa, sannu da hanya. Malam yana ba ni labarinki. Ki gafarce ni, kaina ne ba ya riƙe abu yanzu." Ta ja ta har kujera, ta kawo ruwa, ta ɗauki yaron ta ɗora mata a cinya. Shekara guda ke nan ba wanda ya ba Inna ɗa ta riƙe. Ta rungume shi a ƙirjinta.

Duk da haka ta gwada. Ta sauke Safwan, ta zame daga kujera ta durƙusa da gwiwar nan tata, ta kama ƙafar Huraira ta ce, "Ɗiyata, ki yafe mini."

Huraira ta yi dariya, ta kama ta tana ɗagawa. "Haba Inna, tashi don Allah, kada ki sa ni kunya. Me kika yi mini in ba alheri ba? Ni ce zan nemi gafara, kin baro garinku kin yi ta wahala da ni, ko godiya ban yi miki ba." Inna ta buɗe baki, ta dubi Nouhou. Yana tsaye a bakin madafa, ya kafa wa ƙasa ido. Ta rufe bakin, ta koma kujera.

Muka ci abinci, ko in ce muka taɓa. Huraira na ta hira, tana tambayar mutanen Damagaram, ashe ta san unguwar Birni, kakarta a can take. Can ta dafa gwiwar Inna ta ce, "Inna, ni fa na riga na gaya wa Malam. In Allah ya sake ba ni haihuwa, ba wadda za ta yi mini jego sai ke. Za ki zo, ko?"

Inna ta ce, "In Allah ya kai mu, ɗiyata."

Muka yi sallar la'asar, muka yi haramar tafiya. Huraira ta rako mu bakin ƙofa da yaron a kafaɗa. Inna na neman takalminta, sai yarinyar ta yi farat kamar wadda wani abu mai daɗi ya faɗo wa a rai yanzun nan, ta ce, "Af, Inna, kafin in manta! In na sake haihuwa, ke za ki zo ki yi mini jego, ko? Ki yi mini alkawari."

Inna ta sake ba ta amsar, da muryar da ban san ta da ita ba.

Muka sauko. Muka isa wurin jiran tiram, ta zauna a kan benci, ta riƙe jakarta a ƙirji. Na zauna kusa da ita. Can ta ce, "Rékia, duk ƙasar nan ita kaɗai ta rage mai kirana." Tiram ya zo, ƙofofi suka buɗe, na miƙe na kama hannunta. Ba ta tashi ba. Na koma na zauna, muka bar shi ya wuce.